Yadda Ake Ƙulla Labarin Bincike: Daga Ɓatan Sarƙa Zuwa Gano Ɓarawo

A labarin bincike na farko da na rubuta, aljani ne ya yi kisan. Na ja mai karatu shafi 40, na sa ya zargi direba, ya zargi kishiya, ya zargi maigadi, sai a shafin ƙarshe na kawo wani malami ya buga ƙasa ya ce ai mutanen ɓoye ne. Na kai wa wani abokina mai sayar da littattafai a Sabon Gari. Kwana biyu na koma, ya miƙo mini takarduna ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, ka ci amanata. Da ka gaya mini tun farko akwai aljani a gidan, da ban ɓata darena ina lissafin wanda ya riƙe makulli ba." Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce.

Labarin bincike kacici-kacici ne da aka ja shi ya yi tsawo. Idan aka ce maka "Baba na ɗaka, gemu na waje," ka yi ta lalube ka kasa, ka ba da gari, aka ce wuta da hayaƙi, ba ka jin an cuce ka. Cewa kake yi, "Kash, ai kuwa!" domin amsar tana cikin tambayar tun farko, kai ne ba ka gani ba. Wannan "ai kuwa" ita ce duk abin da marubucin labarin bincike yake nema daga bakin mai karatu, kuma duk matakan da zan kawo nan hanyar samun ta ce.

Turawa kan ce wannan nau'in rubutu ya tsaya da ƙafarsa ne a 1841 da wani gajeren labari na Edgar Allan Poe a Amurka, sannan shahararren mai binciken nan na ƙagaggun labarai, Sherlock Holmes, ya bayyana a Ingila a 1887. A 1929 wani limamin coci mai suna Ronald Knox ya jera dokoki 10 na wannan sana'a. Ba duka ne suka shafe mu ba, amma wasu har gobe suna aiki: mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a kawo aljanu su warware ƙulli, kada a ƙirƙiro gubar da duniya ba ta sani ba, kada mai bincike ya gano gaskiya don sa'a kawai, kuma duk alamar da ya gani a nuna wa mai karatu ita nan take. Mu nan Zariya, inda wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na boko na farko, har yau labarin soyayya ya fi na bincike yawa nesa ba kusa ba. Fili ne a buɗe, ga kuma kayan aiki a kowane lungu.

Fara daga ƙarshe

Kada ka rubuta ko jimla ɗaya ta labarin kafin ka san wa ya yi, yaya ya yi, don me ya yi. Samu takarda daban, wadda ba mai ganin ta sai kai, ka rubuta ainihin abin da ya faru daga farko har ƙarshe, tiryan-tiryan, ba ado ba ɓoye-ɓoye. Labarin bincike labari biyu ne a goye: na laifin, wanda ya riga ya faru a duhu, da na tono shi, wanda mai karatu zai bi. Wanda bai gama na farkon ba ya shiga na biyu, shi ne mai neman aljani a shafi na 40.

Bari mu ƙulla namu tare, da sunayen da na ƙirƙira don misali, mu riƙe shi har ƙarshen wannan jagora.

Ana bikin Hafsatu a wani gida a cikin birni, wajen Limancin Kona. Auren zumunci ne, ango ɗan wan mahaifinta ne, yana aiki a Kaduna. Ya ba yayarsa Rabi kuɗi ta haɗa lefe, har da sarƙar gwal da 'yan kunne. Ita kuwa Rabi uwar adashe ce, ta taɓa kuɗin mutane, kwasa ta zo ba abin bayarwa. Sai ta toshe ramin da kuɗin gwal, ta sayo jabu mai kyan gani ta sa a akwati, da nufin in ta samu sarari ta musanya ba wanda ya sani. An kawo lefe, an ƙirga, an yi guɗa, an ba da tukuici. Daren sa lalle aka ɗauke wuta, Rabi ta shiga ɗakin Hajiya, uwar amarya, ta ɗauke sarƙar, ta jefa ta masai.

Ka lura da abin da muka samu. Ɓarawon bai saci abin don ya mallaka ba, ya sace shi ne don kada a gane ba shi da daraja. Kowa a gidan zai tashi neman wanda yake buƙatar gwal, alhali tambayar gaskiya ita ce wa yake tsoron a duba gwal ɗin. Irin wannan karkatar da tambaya ita ce ƙashin bayan labari mai kyau. Idan ƙullinka bai da wani abu da kowa zai ɗauka tabbas ne alhali ba haka ba ne, koma ka sake tunani. Kuma ka ga ba mu kashe kowa ba. Sababbin marubuta suna ganin sai an zubar da jini labari zai yi armashi, amma a gidan Bahaushe ɓatan sarƙar lefe ana jibi ɗaurin aure ya isa ya raba zumuncin shekara 30.

Me ya sa sai yau?

Wannan tambaya ƙarama ce amma tana kayar da labarai da yawa. Sarƙar ta yi mako uku a gidan, me ya hana Rabi ɗauka tun tuni, me kuma ya tilasta mata yau? Dole wani abu ya faru a gaban mai karatu da ya sa ta a tsaka mai wuya. A namu, da la'asar ana cikin hira Hajiya ta ce gobe da sassafe Goggo Dije dillaliya za ta kai sarƙar wurin mai gwal a kasuwar Sabon Gari, a ƙara kuɗi a canjo mai ɗan kauri. Mai gwal kuwa ba ya karɓa sai ya ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Maganar ta wuce a cikin hayaniyar biki kamar ba komai, amma ita ta kunna wutar.

Wa zai yi binciken?

Nan ne masu kwaikwayon finafinan waje suke faɗawa rami. Su ɗauko wani jami'i mai baƙin tabarau su tura shi har uwar ɗakan matar aure yana buɗe akwatuna. A cikin birnin Zazzau? Namiji baƙo iyakarsa zaure, in an girmama shi a shimfiɗa masa tabarma a kawo ruwa, maigida ya fito su gana. Abin da ya faru a tsakar gida sai dai a ba shi labari, labarin ma wanda aka tace.

Saboda haka ka tambayi kanka: wa yake da ikon shiga inda abin ya faru, a yi magana a gabansa ba a rufe baki ba? Dillaliya tana shiga gida 10 a yini, ta san wadda ta sayar da kwallarta a ɓoye da wadda bashi ya yi wa katutu. Ungozoma, mai kitso, mai lalle, malamar Islamiyya, yarinya mai talla, duk sun fi ɗan sanda ganin cikin gida. Idan laifin a waje ya faru, kana da mai unguwa, shugaban 'yan sintiri, mai shayi, mai cajin waya, ɗan acaba, ko wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya yana zaune a Sabon Gari ba abin da ke wuce shi.

Mu Goggo Dije muka ɗauka, saboda dalili biyu. Ta san gwal, sana'arta ce. Sannan ita ma zargi ya shafe ta, tunda ita aka ce za ta ɗauki sarƙar gobe, ta san inda take. Mai binciken da ba ruwansa da abin da ya faru, mai karatu ma ba zai damu da shi ba. Ka ba shi abin da zai rasa in gaskiya ba ta fito ba. Ga dillaliya, amana ita ce jari, in aka fara raɗe-raɗin hannunta ba shi da kyau ta gama yawo.

Ka kuma ba shi rauni. Goggo Dije ba ta iya karatun boko ba, rasit sai an karanta mata, kuma tana da saurin yanke wa kishiyoyi hukunci don ita ma ta sha zama da kishiya. Wannan raunin zai kai ta ga kuskure a tsakiyar labari, abin da muke so ke nan.

Zana gidan, ka kafa agogo

Ɗauki fensir ka zana gidan: zaure, soro na biyu, turakar Alhaji, ɗakin Hajiya, ɗakin abokiyar zamanta, madafa, rijiya, banɗaki, ƙofar baya in akwai. Sa alama inda kowa yake zaune lokacin da wuta ta tafi. Wanda ke bakin madafa yana iya hango ƙofar Hajiya? In ba ka zana ba, a babi na 2 za ka ce yana gani, a babi na 9 ka ce katanga ta tare.

Sai lokaci. Mutanenmu ba sa cewa ƙarfe 8 da minti 17. Cewa suke "ana idar da isha'i," "bayan an kawo wuta," "lokacin da mai kunu ta wuce," "ana kiran assalatu." Wannan alheri ne gare ka, domin masallatai biyu a unguwa ɗaya ba lallai su ta da salla tare ba, shaidu biyu za su iya faɗin gaskiya kuma maganarsu ta saɓa. Amma kai a takardarka ta sirri ka rubuta ainihin mintocin. A namu, wuta ta tafi jim kaɗan bayan isha'i, janareta bai tashi ba sai bayan minti 20 saboda an aiki Sani, wan amarya, sayen mai. Duk abin da ya faru cikin mintocin nan 20 ya faru.

In labarinka ya fita waje, ka taka hanyar da ƙafarka ko ka hau abin hawa ka duba agogo. Na taɓa sa wani ya baro Samaru ana kiran magariba ya iso Ƙofar Doka kafin a ta da salla, kamar babu Palladan da Kwangila a tsakani. Duk ɗan Zariyan da ya karanta ya san ƙarya nake. Ka kuma tuna yanayi: sawun takalmi a laka na damina ne, a hunturu kuwa ƙura ce ke tona asiri, domin akwatin da aka taɓa jiya ya bambanta da wanda hazo ya kwanta a kansa mako guda.

Waɗanda za a zarga

Mutum huɗu ko biyar sun isa. In suka wuce haka mai karatu zai fara mance sunaye, musamman mai karantawa a waya shafi-shafi kullum dare. Kada kuma sunayen su yi kama. Hassana, Hafsatu da Hadiza a gida ɗaya azaba ce.

Sharaɗin shi ne kowannensu yana ɓoye wani abu na gaske, amma ba satar ba. Musa, almajirin da ke yi wa gidan aike, shi aka fara kamawa kamar yadda aka saba, ya kasa faɗin inda yake don ya saci jiki ya tafi gidan kallon ƙwallo, yana tsoron malaminsa ya ji. Sani ya daɗe wurin sayen mai saboda ya tsaya biyan bashin cacar waya, kuma da rana ya zari dubu 5 a jakar uwarsa. Hajiya Ƙarama, abokiyar zaman Hajiya, an gan ta ta fito daga ɗakin a duhu, ta kuwa rantse ba ta shiga ba, alhali ta shiga ne ta mayar da wani turmin atamfa na lefe da ta ɗauka a ɓoye ta nuna wa tela. Kowa ya yi ƙarya, kowa da dalilinsa. Aikin Goggo Dije ta bi ƙaryar nan ɗaya bayan ɗaya tana warewa, har ta rage wadda ba ta da wata fassara sai satar.

Ita kuwa Rabi, kada ka ɓoye ta, kada kuma ka mai da ita waliyyiya. Ta kasance a tsakiyar hidima, tana rabon abinci, tana faɗa da masu kiɗan ƙwarya, tana da ɗan zafin baki kamar kowace babbar yaya.

Binne alamu

Nan aikin yake, nan kuma ya kamata ka fi ɓata lokaci. Koma takardarka ta sirri ka bi abin da mai laifin ya yi taki-taki, kana tambaya: wannan ya bar wane sawu? Ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da mutum ya yi a gida mai cike da jama'a sai ya bar wani abu, ko a jikinsa, ko a wurin, ko a bakin wani yaro.

Ga abin da Rabi ta bari. Daren sa lalle ne, matan gidan duk hannuwansu na ɗaure a leda. Ba ta yadda za ta buɗe akwati ba ta ɓata kayan ciki ba, dole ta zare ledar hannun dama ta wanke. Jan lalle kuwa sai ya daɗe a hannu yake kamawa. Wanda aka wanke da wuri fayau yake fitowa, ruwan lemo-lemo. Da safe hannun hagunta ya yi jawur, na dama ya koɗe. Alama ta farko ke nan. Ta biyu, a cikin akwatin akwai dubu 50 na gudummawa, ba a taɓa ba. Ta uku, Ummi, ƙanwar amarya 'yar shekara 7, ta taɓa sato sarƙar ranar ganin lefe ta sa a wuya tana wasan amarya, barci ya kwashe ta da ita cikin zafin bazara, ta tashi da wani kore-kore a wuya. Gwal na gaske ba ya yin haka, ƙarfen da aka haɗa da tagulla ne ke rina fata in ya sha gumi. Ta huɗu, rasit: Rabi ta ce yana wurin ango, ango a waya ya ce yana wurin Yaya Rabi. Ta biyar, wayarta na ta ruri tana kashewa, matan adashe ne.

Samun alamu ba shi ne wahala ba, ajiye su a fili ba tare da an gane ba shi ne gwaninta. Dabarun da na fi amfani da su uku ne.

Ka kawo alama kafin mai karatu ya san tana da amfani. Koren wuyan Ummi ya zo a babi na 1, tun ba a yi satar ba, a matsayin abin dariya: Hajiya na dirje mata wuya da soso tana faɗan yarinyar nan ba ta son wanka. Ba wanda zai riƙe wannan, don a lokacin ba a san akwai abin nema ba.

Ka cusa ta a tsakiyar jeri. In Goggo Dije ta buɗe akwatin, kada ka ce "abin mamaki, ga kuɗi ba a taɓa ba!" Ka ce ta ga atamfofi a hargitse, kwalbar turare ta kife, ambulan ɗin gudummawa, takalma ƙafa uku, da gidan sarƙar a buɗe wayam. Ido zai tsallake ambulan ya faɗa kan gidan sarƙa.

Ka ba ta wata fassara nan take, sannan ka ta da ƙura a wani gefen. Dubi wannan:

Rabi ta miƙo mata kofin kunu. Goggo Dije ta bi hannun da kallo ta ce, "Ke kuwa Rabi, mai lallen nan ta cuce ki, hannu ɗaya kamar ba a sa ba."

"Wallahi Goggo bari kawai, hidima ce ta hana shi zama. Wannan ya kira ka, wancan ya kira ka."

Kafin Goggo ta ce wani abu sai ihu ya tashi daga zaure, Sani ya shaƙe Musa yana cewa sai ya fito da ita.

An nuna alamar ƙuru-ƙuru, har an yi magana a kanta, amma ihun zaure ya janye hankali. In mai karatu ya dawo baya daga ƙarshe zai same ta nan zaune tana jiran sa, ba zai ce an ɓoye masa ba.

Akwai kuma alamar da ke cikin hali, wadda na fi so. Da aka fara dukan Musa, Rabi ce ta fara shiga tsakani tana cewa a bar yaron nan, a bar wa Allah, kada a kira 'yan sanda ana cikin biki, ita za ta yi wa ƙaninta magana ya sayo wata. Mai karatu zai ce kai, baiwar Allah mai tausayi. Daga baya zai gane mai kaza a aljihu ce ba ta jimirin as, ga kuma nauyin ganin ana dukan wanda ta san bai ci ba bai sha ba. Magana ɗaya, fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne marubuci ya yi ƙarya da bakinsa. Rabi tana iya cewa ba ta tashi daga tabarma ba. Kai mai ba da labari ba ka da ikon rubuta "Rabi ba ta tashi daga tabarma ba." Haka kuma in ka shiga zuciyarta kana faɗin tunaninta, ba ka da damar sa ta tana mamakin wa ya ɗauki sarƙar. Mafita ita ce ka tsaya a idon mutum ɗaya, mai binciken ko wani na kusa da shi, abin da ya gani shi muka gani.

In ka ce sai ka yi kisa

To ka san abin da kake shiga. Littattafan waje sun dogara da likita ya buɗe gawa ya faɗi lokacin mutuwa da sanadinta. Mu kuwa wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, dangi kuma ba kasafai suke yarda a taɓa gawa ba. Kada ka ɗauki wannan cikas, shi ne ma ƙullin: wanda ya yi wankan gawa shi kaɗai ya ga jikin, ya ga wani abu, yana ta juya shi a ransa ko ya faɗa ko ya yi shiru. Ka san 'yan abubuwan da zai iya lura da su. Gawa takan fara sandarewa bayan sa'o'i kaɗan, daga muƙamuƙi da wuya, ta game jiki wajen sa'a 12, sannan ta sake saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, zafi kuma yana gaggauta duk wannan. Wanda aka ce yanzu ya cika amma aka same shi a sandare, da walakin. Jini kuma yakan kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, ko da yake a baƙar fata ba ya fitowa sosai.

Ta fuskar hukuma, maganar kisan kai ba ta ƙarewa a ofishin DPO na unguwa, ana miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na jiha a Kaduna, shari'arta kuma ta Babbar Kotu ce. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu ko tsawon lokacin da kotu ta ga ya dace, sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida. Ko a labarinka za a saɓa wannan, ka san an saɓa, wani a ciki ya faɗa. In kuma za ka kai gawa asibitin koyarwa na Shika, nemi wani ma'aikacin lafiya ka tambaye shi yadda ake yi kafin ka rubuta. Guba kuwa, ka faɗi abin da ta yi wa jiki, ba sai ka koya wa mutane awo da haɗi ba.

Tambaya irin tamu

Goggo Dije ba za ta zaunar da Hajiya Ƙarama ta ce "ina kike ƙarfe kaza" ba. Za ta shiga da sallama, a gaisa, a tambayi yara, ta buɗe ƙullin kayanta ta nuna wani mayafi, a yi ciniki, sannan a gefen magana ta ce, "Ni kam jiya da duhun nan har na yi tuntuɓe da wani a ƙofar Hajiya, ban san ko wa ba ne." Sai ta yi shiru ta ci gaba da ninke mayafi. Shirun shi ne tambayar. Ka yi amfani da kunya da kara: suruki ba ya sakin baki gaban surukarsa, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, yarinya ba ta musa wa babba ko ta san ba daidai ya faɗa ba. Duk waɗannan suna rufe gaskiya ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba, kuma wanda ya san gari ne kaɗai zai iya rubuta su.

A wajen kashi biyu cikin uku na labarin, bari mai bincikenka ya yi kuskure. Goggo ta tsaya kai da fata Hajiya Ƙarama ce, har maganar ta kai kunnen Alhaji, sai tela ya zo da bakinsa ya wanke ta. Yanzu ga kunya, ga ɗaurin aure gobe, ga Musa a hannun 'yan sintiri. Daga nan ne za ta zauna ta sake jera abin da ta sani, Ummi ta wuce da ɗan sauran kore a wuya, tambayar ta juye.

Warwara

Kafin ka bayyana, tabbata duk alamun sun riga sun fito. Babin ƙarshe ba wurin kawo sabon shaida ba ne, wurin ɗinke tsofaffi ne. Kuma ka taƙaita. Shafi uku na bayani sun isa, in ya kai 10 to ƙullin ne ya yi yawa.

Turawa suna son tara kowa a falo a nuna mai laifi da yatsa. A gidan biki a Zazzau, dattijuwa irin Goggo Dije ɗaki za ta ja Rabi ta sakaya ƙofa. Ba za ta ce "ke kika sata" ba. Za ta ce, "Rabi, nawa matan adashen suke bin ki?" Daga nan sai kuka. Amma kada rufin asiri ya sa ka manta da yaron da aka daka a zaure. Yadda za a wanke Musa a gaban waɗanda suka kira shi ɓarawo ba tare da an fasa auren ba, wannan shi ne hukuncin da kai marubuci za ka yanke, kuma mai karatu zai auna ka da shi fiye da yadda zai auna ka da wayon ƙullin.

Ba wasu su gwada

In ka gama, ajiye shi mako biyu, sannan ka karanta da jan biro kana sa alama duk inda ka binne wani abu, ka duba ko kowanne ya sami amsa. Haka ma za ka riƙa yi wa littattafan wasu in kana son hannunka ya faɗa: karatun farko don daɗi, na biyu don ganin inda aka rufe maka ido.

Sai ka cire babin ƙarshe ka ba mutum uku ko huɗu, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In duka suka gano, alamunka sun yi ƙara, rage ɗaya ko ka matsar da ita gaba. In ba wanda ya ko kusa, kuma da ka faɗa musu suka ce "ta yaya?" maimakon "ai kuwa," to ka ƙara. In ɗaya ya gano saura suka ba da gari, ka dace.

Ka tabbata cikinsu akwai wanda ya san duniyar labarin fiye da kai. Wannan na sarƙa da muka bi, yayata na kai wa a Tudun Wada. Ta karanta tana tsinke zogale, ta kai wurin da Rabi ta mayar da ledar hannunta ta koma tabarma, sai ta ajiye takardar ta ce, "Kai dai namiji ne. Mace mai lalle a hannun hagu, ta yaya za ta ɗaure ledar hannun dama ita kaɗai, a duhu? Wa ya ɗaure mata?" Ban da amsa. Na koma gida na sake babi uku, na sa Rabi ta kira Ummi a bakin rijiya ta ce ledarta ce ta kwance, ta ba ta alewa. Yanzu a babi na 4 akwai yarinya tana tsotsar alewa da sassafe, uwarta na tambayar wa ya ba ta, ana cikin haka aka kira uwar a zaure.